Tsofaffin kwari da baka a Legas: a gyara, a sayar, ko a bar su yadda suke?

Baban Khalifa (Idi-Araba): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ajiye da tsofaffin kayan harbi a garin nan ku taimaka min da shawara, daminar bana ta sa ni a gaba. Baka huɗu gare ni da kwari uku, ɗaya na kakana ne na wajen uwa, sauran saye na riƙa yi a hankali a hannun maharba in na je gida, to yanzu fatar kwarin duk ta yi fumfuna, kawunan kibau sun fara jan tsatsa, ɗaya bakan kuma wani gari-gari ke zubowa daga ƴan ƙananan ramuka a jikinsa. Akwai wani kafinta maƙwabcina ya ce in kawo ya goge min da samfefa ya shafa banish su dawo sababbi fil. In ba shi?

Kawu Mai Goro (Agege): Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka soma. Wanga kafinta ƙofa da benci yas sani, ba baka ba. Baƙin da kaka gani ga tsakiyar bakan wurin riƙo ba dauɗa ba ta, hannun mutanen da sunka riƙe shi na, da hayaƙin ɗakin da anka rataye shi shekara da shekaru. In ya goge wannan mi yar rage maka? Sanda.

Baduku (Alaba Rago): Gaskiyar Kawu. Ni bari in yi magana a kan fatar tunda ita ce sana'ata tun ina yaro. Abu na farko cire su daga jikin bango, ginin Legas tsotsar ruwa yake yi ko ba ka ga lema da ido ba, musamman ku na Idi-Araba da ke kwari-kwari. Ka fito da su inda iska ke wucewa amma ba cikin rana tsaka ba, in ka shanya tsohuwar fata a rana ƙanƙancewa za ta yi ta tsattsage. In fumfunar ta bushe sai ka samu burushi mai laushi ka kakkaɓe a waje, ka rufe hanci. Kar ka wanke da ruwa da sabulu, kuma kar ka bi masu cewa a labta man gyaɗa ko man ja, wari zai yi ya jawo kyankyaso da ɓera, ka san ɓerayen garin nan ba su da kunya. Ko man kaɗe ma in za a sa to ɗan mitsitsi ne a yatsa inda fatar ta bushe ƙwarai, a nan Legas ba bushewa ce matsalarmu ba, danshi ne. Kuma kar ka ƙulle su a leda ka tura ƙarƙashin gado, nan ne ma fumfuna ke jin daɗi.

Baban Khalifa (Idi-Araba): Na gode Yaya. To garin da ke zubowa daga itacen fa?

Injiniya (Apapa): Ƙwaro ne a ciki yana ci, in garin sabo ne mai haske to yana nan da ransa. Ware wannan bakan daga sauran yau ɗin nan. Gidajen tarihi abin da suke yi su nannaɗe abu a leda su toshe ko'ina su sa a firiza mai sanyi sosai, wajen digiri 20 zuwa 30 ƙasa da sifili, ya yi kamar mako, sannan a fito da shi a bar shi a cikin ledar ya huce a hankali kafin a buɗe. Sanyin ke kashe ƙwaron da ƙwansa. Matsalar biyu ce, ina za ka samu firizar da za ta ɗauki baka mai kai wa ƙirji, sannan ina wutar da za ta tsaya mako guda ba a ɗauke ba. Sai dai ka roƙi masu ɗakin sanyi na kifi a Ijora.

Direba (Mile 12): Hahaha Injiniya kana so a kama bawan Allah ke nan, ya shiga wajen masu kifi da baka a kafaɗa.

Maman Ilham (Surulere): Ku yi haƙuri in katse ku, tun ɗazu nake karantawa babu wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Baban Khalifa kibau ɗin nan akwai wani baƙin abu kamar danƙo a manne a ƙasan kunnuwansu? In akwai to ka ɗauka dafi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ni a ɗakin magani nake aiki, kwankwanin da maharba ke haɗa dafi da shi sinadarin da ke cikinsa kai tsaye zuciya yake taɓawa, daga irin tsiron nan ne ma Turawa suka fitar da maganin zuciya a da can, kuma ba abu ne da ke lalacewa da sauri don ya tsufa ba, shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi ke sa safar hannu in za su taɓa kibiyar da ta fi kakanninsu shekaru. Kai kana da yara a gida, daga sunanka ma an gani. Ɗaki ɗaya ko biyu muke zaune yawancinmu a garin nan, yaro ya ja kujera ya hau ya zaro, me za a ce? Ko babu dafi tsohon ƙarfe mai tsatsa ya soki mutum sai an nemi allurar tetanos. Kuma don Allah kar ka kankare tsatsar nan kana hura ƙurar da baki.

Baban Khalifa (Idi-Araba): Wlh Anti akwai a guda shida daga cikin na kakana. A sama suke can kusa da silin amma maganarki gaskiya ce, zan nemo akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Kawu Mai Goro (Agege): Ɗiyata ta yi gaskiya. Mu da munka tashi gidan maharba ko kusa da kwarin tsoho ba a bari yaro shi je, ba don tsafi ba, don wanga abu na. Ka naɗe kowane kai da tsumma ka ɗaure, ka maida su kai ƙasa cikin kwari yadda aka sa su tun asali.

Alhaji Dillali (Lekki): Salamu alaikum, yanzu na rufe shago na ga saƙonni sun taru. Ƙanena ni shawarata daban ce kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Kai ba ka da esi mai aiki dare da rana, ba ka da kabad na gilashi, gidan haya kake, gobe mai gida ya ƙara kuɗi ka kwashe kaya ka koma Mushin ko Ikorodu, a wajen kwasa ɗaya bakan ya karye. Abin nan a hannunka mutuwa yake yi a hankali. Ni ina da masu saye, Turawa da Labanawa da ma manyan Yarbawa masu ƙawata falo, waɗanda za su ajiye shi inda zai ƙara shekara ɗari. Ka riƙe na kakanka ka saki ukun, ka samu abin biyan kuɗin makarantar yara. Mutane na zagin dillalai amma ku je ƙauye ku gani, tsoho na rasuwa ƴaƴansa ke jefa kwarinsa a rumbu gara ta cinye, ko yara su ɗauki bakan su riƙa kora awaki da shi. Wanda muka saya shi ne ya tsira.

Ɗalibi (Akoka): Ranka ya daɗe Alhaji, da girmamawa, akwai doka a kan maganar nan fa. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ce duk abin sana'ar hannu na gida da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, kuma makami na cikin abubuwan da ta lissafa da suna. Irin wannan ba a sayar da shi sai ga wanda hukumar ta amince da shi, kuma ba a fita da shi ƙasar waje sai da takardar izini. To in bakan da gaske ya kai shekarun da ake faɗa wa Bature, cinikin ya saɓa doka, in kuma bai kai ba to an yi wa Baturen ƙarya. Wanne ne a ciki?

Direba (Mile 12): Kai yaron nan lauya kake karanta ko tarihi? Ka ƙure Alhaji.

Alhaji Dillali (Lekki): Bai ƙure ni ba. Ɗana kai littafi ka sani ni kasuwa na sani. Kaso mafi yawa na kwari da bakan da ka gani rataye a kasuwar Jakande sababbi ne, na ado, ana yin su a arewa a kawo mana a buhu, ni kuma in mutum ya tambaye ni ina gaya masa na ado ne, Allah ne shaidata. Akwai dai masu turara su da hayaƙi su shafa man goge takalmi su binne kan kibiyar a ƙasa mai gishiri ya yi tsatsa, sannan su ce wannan da shi aka yi yaƙin Burmi. Ba zan ce babu ba. Amma na gaske in ya zo hannuna ban taɓa ɗora shi a jirgi ba, a nan cikin ƙasa yake zama.

Baduku (Alaba Rago): Ai da duk bakan da aka ce ya je Burmi ya je da gaske da Nasara bai ci yaƙin nan ba.

Ɗalibi (Akoka): Wlh kuwa Yaya. Kuma abin da ya sa suke kama sunan Burmi suna da dalili, a can ne a Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, kuma a wannan ranar kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh wanda ya jagoranci sojan Ingila, to Baturen da ya ɗan karanta tarihi yana jin sunan sai ya buɗe jaka. Amma in ana maganar ranar ƴan baka ta gaske ai Tabkin Kwatto ce, Yunin 1804. Rundunar Yunfa Sarkin Gobir ta zo da dawakai da ƴan lifidi da Abzinawa, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu bai wuce ashirin ba, yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka, Abdullahi ɗan Fodiyo na jagora, kuma su suka yi nasara. Bakan nan fa ba wani abin ƙawa ba ne, itace ne guda ɗaya ko gora, tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata, kibiya ta ƙyauro gajeriya ba gashin tsuntsu a gindinta, kai na ƙarfe mai kunne. Ƙarfinsa ba a nisa yake ba, a dafi yake, ko ƙwarzane ta yi wa doki an gama. Abin takaicin shi ne yau ka nemi baka ɗaya tak da za a ce ga sunan mai shi ga yaƙin da ya je da hujja, da wuya ka samu a hannun mutane.

Kawu Mai Goro (Agege): Yaro ka yi karatu, Allah shi yi albarka. Mu ƙasarmu ta wannan, Kwatto ba ta da nisa da Gudu inda Shehu yay yi hijira. Amma in gyara maka abu guda, ba kowane icce aka yin baka da shi ba. Tsohona dargaza yaka nema ko ɗunɗu, a sare da rani a aje shi inuwa shi bushe a hankali, a riƙa gasa shi ga wuta kaɗan kaɗan ana tanƙwasawa. Gora ta fi yawa ga mutanen kudu da mu inda taka fitowa. To ko daga iccen kana iya gane wajen da baka yaf fito.

Baban Khalifa (Idi-Araba): To jama'a tunda an zo nan, yaya mutum zai gane na gaske? Ni ukun da na saya a hannun maharba na karɓa amma yanzu kun sa ni shakka.

Alhaji Dillali (Lekki): Wannan kam zan ba ka kyauta. Duba wurin riƙo, na gaske santsinsa a wuri ɗaya yake daidai tafin hannu, kuma ya fi lafewa ta gefe guda. Na bogi baƙinsa iri ɗaya ne daga sama har ƙasa don hayaƙi ba ya zaɓe. Duba bakin bakan inda tsirkiya ke zama, in an yi shekaru ana ɗaurawa ana kwancewa za ka ga ta ci wurin ta yi masa hanya. Shanshana shi, man takalmi ba ya ɓuya. Kwari kuma ka duba ɗinkin, in ka ga zaren nailan ko ɗinkin keke mai tafiya daidai wa daida to ka san zamaninsa. Sannan in ka ga an manna wa kibiya gashin kaza mai launi an ce ta Hausa ce ta da, ka yi dariya ka wuce, wannan don idon baƙi aka yi.

Baduku (Alaba Rago): Na yarda da duka sai dai in ƙara, a jan fata ta da da karan dafi ake rina ta bayan an jeme da bagaruwa, janta mai duhu ne yana shiga cikin fatar, in ta tsufa sai ta koma kamar ruwan goro. Ta yanzu da garin rini na kanti ake yi, ja ne mai haske kuma in ka goga jiƙaƙƙen yatsa yana biyo ka. Amma Alhaji kar a ce duk abin da ba na zamanin Shehu ba bogi ne. Maharbi da ya sa maƙeri ya buga masa kai da ƙusa ko guntun ƙarfen mota a 1960 ya yi farauta da shi shekara talatin, wannan kayan gaske ne, ƙarya tana shigowa ne lokacin da aka ƙara masa shekara ɗari a baki.

Injiniya (Apapa): Wannan magana ta Yaya Baduku ita ce ta kawo ni inda nake so in je. Ni na waje na fi tarawa, ina da Bear Kodiak guda na shekarun 1960 wanda wani abokin aiki ya taho min da shi daga Amurka, katako ne da faiba aka manne. Masu tara irinsa a can daga lambar da ke jiki da ɗan kwabon da aka dasa a wurin riƙo da sunan garin da aka buga suke gane shekarunsa, in ka ga Grayling ka san kafin kamfanin ya koma Florida a 1978 ne. Turkawan Usmaniyya ma masu yin baka da ƙaho da jijiya da itace da yawansu suna rubuta sunansu da shekarar hijira a jikin bakan, shi ya sa yau za a ɗauko a ce wane ya yi shi a shekara kaza. Ingila kuwa sa'a suka yi, jirgin yaƙinsu Mary Rose ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, a ciki aka samu dogayen baka 137 lafiyayyu da kibau sama da 3,500, laka ta rufe su ta adana, ba don haka ba da su ma kusan babu abin da za su nuna na wancan zamani. To mu namu ba lamba ba sa hannu ba kwanan wata, maƙeri bai rubuta ba baduku bai rubuta ba. Duk takardar bakanmu tana bakin tsofaffi ne. Baban Khalifa maharban da ka saya a hannunsu suna raye? In suna raye kuɗin katin da za ka kira su ya fi banish amfani. Wa ya yi bakan, a wane gari, da wane itace, wa ya fara riƙe shi, me aka harba da shi, ka ɗauki muryarsu a waya ka rubuta a takarda ka ɗaura wa kowanne da zare.

Baban Khalifa (Idi-Araba): Biyu suna nan, ɗaya ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Na kakana kuwa gwaggona ƴar uwar mahaifiyata ce kaɗai ta rage da ta san labarinsa, tana can gida ta tsufa sosai amma hankalinta garau.

Maman Ilham (Surulere): To ai ita za ka fara kira, kuma ka haɗa ta da wata jikar da za ta zauna kusa da ita, tsofaffi ba sa sakin jiki a waya. Mata sun fi riƙe irin wannan labarin ma, su ke ɗaka lokacin da ake shiri ana fita.

Ɗan Baiwa (Obalende): Injiniya tambaya, shi na Turkawan za a iya ajiye shi a nan? Na ga ana tallan su a intanet har da zoben babban yatsa na jan tsirkiya, raina ya biya.

Injiniya (Apapa): Yawancin na intanet ɗin faiba ne aka yi masa siffar na da, wannan ba ruwansa da damina, saya ka yi wasanka. Na ƙaho na gaske da gam ɗin fata ko na kifi ake haɗa shi, danshi na sassauta gam ɗin ya murɗe, mutanen Koriya da ke da irinsa har akwati mai ɗumi suke sa shi lokacin zafi da ruwa. A Apapa da iskar gishiri ke shigowa ta taga ban ba ka shawara ba. Zoben kuwa tara abinka, ba ya cin wuri, kuma ba na Turkawa kaɗai ba ne, a kaburburan Nuba ta Sudan an tono na dutse masu yawa, mutanen da tsoffin Misirawa ke kiran ƙasarsu ƙasar baka. Abu ɗaya dai da ya haɗa na waje da na gida, tsohon baka ba a ɗaura masa tsirkiya a ja don a gwada. Itacen ya bushe, zai iya tashi a hannunka ya tafi da ido.

Ɗan Baiwa (Obalende): Kash, ni da nake cewa in Baban Khalifa ya yarda mu je bakin ruwa wata Lahadi mu gwada ɗaya.

Direba (Mile 12): Ka rufa wa kanka asiri. Bahaushe da kwari da baka a bakin ruwan Legas, kafin ka harba ɗaya an ɗauke ka bidiyo an ce an kama ɗan ta'adda. Kuma wannan ya kawo ni kan abin da nake so in faɗa tun ɗazu da gaske ba wasa ba, masu cewa a kawo daga gida ko a mayar gida, wa zai ɗauko? Ni tirela nake ja, tumatir da albasa nake saukewa a nan, daga Ibadan zuwa Ilori zuwa Jebba zuwa Mokwa shinge nawa ne, ga ƴan sanda ga kwastan ga ƴan sa kai na gari gari waɗanda ba su san wani abu kayan tarihi ba. Kowa a nan ya san abin da ya faru a Uromi a Maris 2025, mafarauta 16 suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal aka tare su aka ga bindigogin farauta aka kashe su, Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar ko wuƙar yankan albasa ina tunani kafin in sa a mota. Kar wanda ya kawo min kwari ya ce in saka a ƙarƙashin buhu, ko ɗan uwana ne ba zan ɗauka ba.

Kawu Mai Goro (Agege): Amin ya Allah. Direba bai yi ƙarya ba. Abin da ad Legas shi zauna Legas, abin da ag gida shi zauna gida.

Malam (Obalende): Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganganunku kuma na ƙaru. Harbi abu ne mai daraja a addini, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya fassara ƙarfin da aka ce a tanada da cewa harbi ne, ya maimaita sau uku, hadisin na cikin Muslim. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas shi ne farkon wanda ya harba kibiya saboda Allah, kuma kowa ya san maharba 50 da aka tsayar a kan tudu ranar Uhudu da abin da ya biyo bayan saukowarsu. To ajiye waɗannan kaya don tunawa da ilimi babu laifi. Amma abu biyu. Na ɗaya Baban Khalifa, bakan kakanka da ka ce naka ne, an raba gado ya faɗo a rabon mahaifiyarka ne ko ɗauka ka yi don ba wanda ya kula? In na biyun ne to amana ce a hannunka, gwaggonka da sauran magada suna da haƙƙi, ba ka da ikon sayarwa ko da Alhaji ya ba ka miliyan, ka nemi su yafe maka ko su bar maka a bakinsu. Na biyu ga masu kasuwa, ƙara wa kaya shekaru algus ne ko wa aka yi wa, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba.

Alhaji Dillali (Lekki): Allah ya gafarta Malam, ni dai na ce ya riƙe na kakan ai.

Baban Khalifa (Idi-Araba): Allah ya gafarta Malam ba a raba ba gaskiya, a ɗakinsa na tarar bayan rasuwa kawuna ya ce in tafi da shi. Zan haɗa da wannan in na kira gwaggo. Sai kuma wani abu da ban faɗa ba, jikin kwarin kakan nawa akwai layu guda uku a ɗinke da wani ɗan ƙaho. Na yi tunanin in farke ɗaya in ga takardar ciki, wataƙila a samu suna ko a gane zamanin daga irin takardar.

Ɗalibi (Akoka): Wannan zai taimaka sosai fa. Tsofaffin takardun da malamanmu suka yi rubutu a kai da yawa daga Italiya aka kawo su ta Sahara, in ka ɗaga a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a ciki, masana rubuce-rubucen da suna amfani da wannan wajen kintata zamani. In kuwa takardar littafin makaranta ce mai layi ka san ta bayan zuwan Turawa ce. Akwai gidan tarihi na ƙasa a nan Onikan tun 1957, za ka iya zuwa ka tambayi masu kula da kaya yadda ake buɗe irin wannan ba a lalata ba, amma ka fara zuwa da hoto kar ka ɗauki kayan ka hau danfo.

Kawu Mai Goro (Agege): A'a. Nan kam ban tare da kai yaro. Laya ba a buɗe ta. Mai ita ya rufe ta da hannunai ko malaminai ya rufe mishi, ba don jikanai shi zo Legas shi farke shi ɗauki hoto shi watsa ga waya ba. Sirrin mutum na, ko ya mutu.

Malam (Obalende): Kawu ni a nan na saɓa maka kaɗan, da girmamawa. Abin da ba a san me ke ciki ba bai kamata Musulmi ya rataye a ɗakinsa yana jin tsoronsa ba. In ayoyi ne a girmama su, in wani abu ne daban a san yadda za a yi da shi. Buɗewa don a sani ba cin mutuncin mamaci ba ne, watsawa a waya dai ban goyi baya ba.

Baduku (Alaba Rago): Ni ba zan shiga tsakanin Kawu da Malam ba, ta fannin aiki kawai zan faɗa. Layar da ta shekara hamsin ko fi a jikin kwari ta sha zufa ta sha mai ta sha ruwan sama, takardar ciki ta manne da juna ta zama dunƙule, tawadar allo kuma ruwa ke wanke ta. Sau da yawa ana kawo min in sake wa tsohuwar laya kube, in ka matsa sai ta ruguje a hannu. Za ka iya rasa layar ka rasa rubutun, kuma ɗinkin da na farke ba zan iya mayar da shi da irin jijiyar da aka yi na farko ba.

Ɗalibi (Akoka): To a bar biyu a gwada ɗaya mana, wadda ɗinkinta ya riga ya saki.

Maman Ilham (Surulere): Ku kuna ta yanke hukunci a kan kayan mutane, Malam bai gama cewa akwai magada ba? A tambayi tsohuwa, mahaifinta ne. In ta ce a buɗe a buɗe, in ta ce a bari ko Onikan ba su da ta cewa.

Kawu Mai Goro (Agege): Ko ta ce a buɗe ni ban zuwa kallo.

Alhaji Dillali (Lekki): Ni dai in an farke ko ɗaya kar a kawo min, kwari mai cikakkun layu daban kuɗinsa yake da wanda aka taɓa. Ƙanena sauran ukun fa har yanzu ban ji amsa ba.

Baban Khalifa (Idi-Araba): Alhaji ba yanzu ba, sai na gama kiran mutanen nan na rubuta abin da suka ce. Yaya Baduku in Allah ya kai mu Asabar bayan azahar zan shigo Alaba Rago da kwari ɗaya, wanda fumfuna ta fi ci, babu kibau a ciki, a jakar Ghana-mos-go zan sa shi. Turo min kwatancen rumfarka ta gefe.